Mai ya hau, takardu sun hau: ina kuɗin mai abin hawa ke tafiya a Sakkwato?

Duk wanda ya tsayar da ɗan kabu-kabu a shataletalen Dandima ya ce a kai shi Arkilla ko Mabera, ya san inda cinikin zai ƙare. Fasinja ya ambaci kuɗin da ya saba biya, mai babur ya girgiza kai ya ce, “Haba Malam, ai ka san mai.” Daga nan gardama ta mutu. Amsar ke nan a ko'ina cikin kasuwa: ita mai tumatir zai ba ka, ita mai markaɗe zai ba ka, har telan da ke ɗinki da janareto.

Abin da ya ƙara dagula lissafi shi ne labarin da ya bazu a wayoyin mutane a watan Satumban 2025, cewa gwamnatin tarayya za ta ɗora harajin kashi 5 cikin ɗari a kan fetur da dizal. Labarin ya iske jama'a suna cikin kukan ƙarin kuɗin inshora da na lambar mota da na lasisin tuƙi, sai duk aka haɗa su a baki ɗaya: haraji ya yi yawa. Amma kuɗin da ke fita daga aljihun mai abin hawa hanyoyinsu daban-daban ne, masu karɓarsu ma daban, kuma sai an rarrabe su ake sanin ƙofar da za a kai kuka.

Abu uku da ake kira da suna ɗaya

Na farko shi ne tallafi. Shekara da shekaru gwamnati ce ke yanke farashin lita, ta kuma cike giɓin da ke tsakanin wannan farashi da ainihin abin da man ya ci kafin ya iso famfo. A misali, in lita ta tsaya wa mai shigo da ita a kan naira 400, gwamnati kuma ta ce a sayar 185, to ragowar 215 daga baitulmali za su fito. A ƙa'ida, cire tallafi daina wannan cikon ne kawai, babu wani ƙarin kuɗi da gwamnati ta karɓa daga hannun mai saye. Shi kuwa mai saye yana ganin duk kanwar ja ce, tunda abin da ya sani shi ne, a da dubu ɗaya na ba shi lita biyar da ɗoriya, daga baya ta koma da ƙyar take ba shi ɗaya.

Na biyu shi ne haraji da kuɗin takardu, wato abin da doka ta ɗora, aka yanke masa adadi, ake biya a ba da rasit: sabunta takardun mota, lamba, lasisi. Inshora ma mutane a nan suke lissafa ta, ko da yake kuɗinta kamfanin inshora ke karɓa, doka dai ce ta wajabta ta.

Na uku shi ne wanda ba shi da takamaiman suna a dokance, amma kowane direba ya san shi: tikitin kullum, kuɗin yuniyan, kamashon tasha, da na goron da ake miƙawa a shinge. Wani ɓangarensa halas ne a doka, wani kuwa al'ada ce kawai ta tsaya masa.

Yadda aka iso nan

Rikicin tallafi ya daɗe. Ranar 1 ga Janairun 2012 gwamnatin Goodluck Jonathan ta ɗaga lita daga naira 65 zuwa 141, ƙasa ta tsaya cik da yajin aiki da zanga-zanga, aka sauko 97. A watan Mayun 2016 gwamnatin Muhammadu Buhari ta kai ta 145 daga 86 da sule biyar. Kowace gwamnati ta ce ta cire, kowace kuma ta wayi gari tana biya, domin da zarar ɗanyen mai ya tashi a duniya ko naira ta faɗi, giɓin sai ya sake buɗewa. A 2022 kaɗai, kamfanin NNPC ya ce tallafin ya ci sama da naira tiriliyan 4.

Dokar masana'antar man fetur da Buhari ya sa wa hannu a watan Agustan 2021 ta tanadi cewa kasuwa ce za ta riƙa yanke farashi. Kasafin 2023 kuma zuwa ƙarshen Yuni kawai ya ware kuɗin tallafi. Manyan 'yan takarar shugaban ƙasa uku na wannan shekara, Bola Tinubu da Atiku Abubakar da Peter Obi, duk sun yi alkawarin cirewa. Saboda haka da Tinubu ya faɗa a jawabin rantsuwarsa na 29 ga Mayun 2023 cewa tallafi ya tafi, abin da ya girgiza mutane shi ne saurin abin. Cikin kwana biyu lita ta tashi daga ƙasa da 200 zuwa sama da 500 a Arewa.

Mako biyu bayan nan Babban Banki ya saki naira ta nemi farashinta da kanta. Dala da ke wajen naira 460 a hukumance ta haura 1,500 a watan Fabrairun 2024. Wannan mataki na biyu shi ya fi na farko tura farashi sama, ko da yake ba a cika ambatonsa a majalisun hira ba. A watan Yulin 2023 lita ta kai 617 a Abuja, a Satumban 2024 ta doshi 900, a Oktoba ta haura dubu.

Matatar Dangote da ke Legas, mai ƙarfin tace ganga 650,000 a rana, ta fara fitar da fetur a Satumban 2024, kuma mutane da yawa sun zaci mai zai dawo araha. An ga sauƙi a 2025 sakamakon gasa tsakaninta da masu shigo da mai daga waje, amma bai kai yadda aka yi fata ba. Dalili kuwa, ko da matatar ta biya kuɗin ɗanyen mai da naira, kamar yadda aka fara a Oktoban 2024, da farashin kasuwar duniya ake yin lissafin.

Kuɗin nisa: abin da Sakkwato ta rasa ba a yi shela ba

A nan ne lissafin Basakkwace ya bambanta da na mutumin Legas ko Fatakwal, kuma shi ne ɓangaren da ba a cika tattaunawa ba.

A 1975 aka kafa wani asusu na daidaita farashin mai. A zamaninsa ana cire wani ɗan kaso daga kuɗin kowace lita da aka sayar a faɗin ƙasa a zuba a ciki, sannan a biya masu tankoki kuɗin dakon kai mai wurare masu nisa. Manufar ita ce mutumin Illela ya sayi lita daidai da mutumin Apapa. A takarda dai haka ne. Waɗanda suka sha layi a shekarun baya sun san gidajen mai da yawa a wajen gari ba su taɓa sayarwa a farashin gwamnati ba. Duk da haka asusun ya rage kaifin nisa. Dokar 2021 ta narkar da hukumar asusun cikin sabuwar hukumar kula da tacewa da rarraba mai ta NMDPRA, da aka saki farashi a 2023 kuma sai biyan kuɗin dakon ya tsaya. Har cikin 2025 dillalan mai na Arewa na ƙungiyar IPMAN suna kukan tsofaffin kuɗin dakon da suke bi.

Da can ma ba a tsara cewa man Sakkwato zai riƙa tasowa daga bakin teku a kan taya ba. An buɗe matatar Kaduna a 1980, wadda daga baya ƙarfinta ya kai ganga 110,000 a rana, aka shimfiɗa bututu zuwa daffon Gusau domin ya shayar da wannan yanki. Matatar ta yi shekaru ba ta tace komai, bututun ya bushe. Yanzu tanka mai ɗauke da lita 33,000 ko 45,000 sai ta taso daga Legas, ta bi Ibadan, Ilori, Jebba, Mokwa, Kwantagora, Yawuri, Koko, Jega, Tambuwal, kafin ta shigo gari. Tafiyar kilomita dubu ce ko fiye, da dizal mai tsada take yinta, a kan hanyar da ke cin taya da sifirin, ga shingaye, ga kwanan hanya, sannan ta koma babu kaya. Duk wannan a kan litar mai saye ake raba shi.

Sai ga shi jiha mai nisa haka da matata tana cikin waɗanda suka fi ƙarancin abin hannu. Ƙididdigar talauci mai fuskoki da yawa da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta fitar a 2022 ta sa Sakkwato a kan gaba, da kusan kashi 90 cikin ɗari na jama'arta, alhali na ƙasa baki ɗaya kashi 63 ne. Wannan kuɗin nisa ba ya shiga asusun kowace gwamnati, amma a aljihun mai saye da shi da haraji ba su da maraba.

A Satumban 2025 matatar Dangote ta fara raba mai da tankokinta masu amfani da iskar gas, bayan ta sanar da sayen guda 4,000. Idan tsarin ya game Arewa maso yamma sosai, zai iya rage wannan tazara. Ya kuma haifar da takaddama da ƙungiyar ma'aikatan mai ta NUPENG da masu tankoki, waɗanda ke ganin ana shirin raba su da abincinsu, da kuma masu fargabar kada kasuwar ƙasa duka ta koma hannun kamfani ɗaya.

Harajin kashi 5: abin da doka ta ce

Wani abu da zai ba mutane da yawa mamaki: harajin gwamnati da ke cikin farashin litar fetur a Najeriya kaɗan ne. Ba a cajin harajin VAT na kashi 7.5 a kan fetur, an kuma ɗauke shi daga kan dizal da iskar gas a wata oda ta Oktoban 2024. Akwai ƙananan kuɗaɗe, irin rabin kashi ɗaya cikin ɗari na farashin sari da ke zuwa hukumar NMDPRA, da wani rabin kashin na asusun ayyukan iskar gas, da kuɗin tashar jiragen ruwa. Gangar jikin farashin kuwa ɗanyen mai ne, da dala, da tacewa, da dako, da ribar dillali. A Ingila, inda ake yawan kafa misali da ita, harajin mai kusan fam rabi ne a kowace lita, a kuma ɗora VAT na kashi 20 a kai, har ya zama wajen rabin abin da direba ya biya na gwamnati ne. Kukansu da namu sun yi kama a kunne, amma ciwon ba ɗaya ba ne.

Shi harajin kashi 5 ɗin tsoho ne. Yana cikin gyaran dokar hukumar gyaran hanyoyi ta FERMA na 2007, inda aka ce kashi 40 na abin da aka tara na FERMA ne, kashi 60 na hukumomin gyaran hanyoyi na jihohi. Ba a taɓa karɓarsa ba, domin ba ya yiwuwa gwamnati ta riƙa biyan tallafi da hannun dama tana karɓar haraji a kan kaya ɗaya da hannun hagu. Da aka tattara dokokin haraji wuri guda a sababbin dokokin da Tinubu ya sa wa hannu ranar 26 ga Yunin 2025, waɗanda aka sa 1 ga Janairun 2026 a matsayin ranar fara aikinsu, sai aka kwaso shi aka saka. An keɓe kananzir na gida, da gas na girki, da iskar gas ta mota.

Sharaɗin da yawancin saƙonnin waya suka tsallake shi ne, dokar ta ce ba za a fara karɓa ba sai Ministan Kuɗi ya fitar da oda a jaridar gwamnati ya sa rana. Ƙungiyar ƙwadago ta TUC ta yi barazanar yajin aiki a Satumban 2025, Ministan Kuɗi na lokacin, Wale Edun, kuma ya fito ya ce babu shirin fara karɓa a nan kusa. Masu cewa za a fara a Janairun 2026 kai tsaye sun yi kuskure. Masu cewa zancen ƙarya ne gaba ɗaya su ma sun yi kuskure, domin harajin na nan cikin doka, sa hannun mutum ɗaya yake jira.

In an fara, lissafinsa mai sauƙi ne. Lita ta 900 za ta ƙaru da naira 45. Mai babur da ke shan lita huɗu a rana zai ƙara 180 kullum, wajen 5,400 a wata. Tunda kaso ne na farashi, duk ranar da mai ya tashi shi ma zai tashi, kuma wanda ke sayen lita mafi tsada saboda nisa shi zai fi biya a kan kowace lita.

Akwai kuma harajin kwastam na kashi 15 a kan fetur da dizal ɗin da ake shigowa da su, wanda aka amince da shi a Oktoban 2025 don kare matatun cikin gida, aka dakatar a Nuwamba bayan an yi ca a kai.

Takardun shekara da tikitin kullum

Ƙarin kuɗin takardu gaskiya ne. Daga 1 ga Janairun 2023 hukumar inshora ta NAICOM ta ɗaga inshorar dole ta motar gida daga naira 5,000 zuwa 15,000, ta sa keke napep 5,000, babur 3,000. 'Yan sanda sun sanar da fara kamen marasa ita daga 1 ga Fabrairun 2025. A tsakiyar 2023 an ɓullo da naira 1,000 duk shekara na tabbatar da mallakar mota. A Yunin 2025 kuma lasisin tuƙi na shekara uku ya koma 15,000, na shekara biyar 21,000, lambar motar gida 30,000.

Waɗannan suna da zafi saboda a dunƙule ake biyansu. Amma a ɗauki ɗan kabu-kabun da ke fitowa daga Runjin Sambo da asuba. Babur ɗin ba nasa ba ne, akwai balas da zai kai wa mai shi da yamma ko an samu ko ba a samu ba. Ba ya cika tanki. Sai ya yi fasinja biyu ko uku ya tsaya wajen ɗan bumburutu ya ce a zuba masa na ɗari biyar, a farashin da ya fi na famfo, ya san da haka, amma abin da ke hannunsa ke nan. Kafin rana ta take an yanka masa tikiti. A ɗauka tikitin da sauran 'yan kuɗaɗen hanya naira 200 ne kawai a rana. In ya yi aiki kwana 300 a shekara, naira 60,000 ke nan, ninki ashirin na inshorar da ake ta magana a kai. Direban da ke lodin Illela ko Tambuwal daga babbar tasha, nasa ya fi haka: kuɗin layi, kamasho, sannan abin da zai riƙa miƙawa ta taga.

Dokar 1998 da ta jera harajin da kowane mataki na gwamnati zai karɓa ta ba jiha harajin ababen hawa, ta ba ƙaramar hukuma kuɗin tasha, ta kuma haramta kafa shinge a hanya don karɓar haraji. Duk mai tafiya da buhunan albasa zuwa Kudu ya san nisan da ke tsakanin wannan doka da abin da ke kan titi. Sababbin dokokin 2025 sun yi alkawarin rage yawan harajin da ake karɓa barkatai, amma wannan aiki ne da sai jihohi sun yarda su taɓa masu cin abinci da shi. Su ma 'yan yuniyan suna da hujjarsu: su ke tsara layi, su ke belin direba in ya shiga hannu, su ke kai ɗauki in an yi haɗari, aikin da babu wata hukuma da ke yi.

Wa ke cewa me?

Hujjar gwamnati da masana tattalin arzikin da ke goyon bayanta ita ce tallafin bai taɓa zama na talaka ba. Mai motoci uku a Abuja ya fi mai keke a Gudu amfana da shi nesa ba kusa ba. Binciken Majalisar Wakilai na 2012 ya bankaɗo kamfanonin da aka biya kuɗin man da ba su kawo ba. Bayan cirewa, adadin da hukuma ke cewa ana sha kullum ya sauko daga sama da lita miliyan 60 zuwa wajen miliyan 50, abin da suke fassarawa da cewa wani kaso ƙetare iyaka yake yi. Kason wata-wata da ake raba wa tarayya da jihohi da ƙananan hukumomi, wanda a 2022 bai cika kai tiriliyan ɗaya ba, ya haura tiriliyan 2 a wasu watannin 2025. Kan harajin kashi 5 kuma suna cewa hanya mai kyau ta fi wa direba arha a kan naira 45.

Ƙungiyoyin ƙwadago da masu ra'ayinsu suna cewa an yanke igiya kafin a shimfiɗa tabarma: babu matata mai aiki, babu motocin haya masu rahusa, aka kuma haɗa cire tallafi da karyewar naira a wata ɗaya. Lissafinsu na da wuyar turewa. Mafi ƙarancin albashi na 30,000 yana sayen lita 160 a farashin 185. Sabon na 70,000 da aka sa wa hannu a Yulin 2024 lita 70 yake saye a farashin dubu. Wannan ma ga mai albashi ke nan, alhali akasarin mutanen Sakkwato manoma ne da makiyaya da 'yan kasuwa da masu sana'ar hannu, waɗanda babu wanda zai yi musu ƙari. Zanga-zangar tsadar rayuwa ta farkon Agustan 2024, wadda ta fi ƙarfi a garuruwan Arewa, maido da tallafi na cikin manyan buƙatunta.

Akwai ra'ayi na uku, wanda ake yawan ji a bakin dattawa da ma'aikata in zance ya yi nisa. Su ba su musa cewa tallafi ya zama kafar sata ba. Tambayarsu ɗaya ce: “To, kuɗɗin ina su ka zuwa?” A nan ne sunan PTF ke fitowa. A 1994 gwamnatin Janar Sani Abacha ta ɗaga lita daga naira 3.25 zuwa 11, ta kafa asusu na musamman da rarar, wato PTF, Buhari ya shugabance shi. An soki yadda aka tafiyar da kwangilolinsa, Obasanjo kuma ya rushe shi a 1999, amma har yau akwai masu tuna allon PTF a bakin hanya da magani mai tambarinsa a asibiti. Shirin SURE-P na amfani da rarar tallafi da aka kafa bayan ƙarin 2012 bai bar irin wannan tuni ba. A wannan karon rarar ta bi ta asusun rabo ta watsu cikin kasafin gwamnatoci, wani ɓangaren ya tafi biyan bashi, wani kuma faɗuwar naira ta cinye darajarsa. Ko an yi aiki da ita, babu allon da ke cewa wannan kuɗin man ku ne. Da alama wannan, fiye da adadin naira 45, shi ke sa mutane ƙin jin zancen sabon haraji: tsohon alkawari ba a gama ba da bahasinsa ba.

Kuma ba a Najeriya kaɗai ba. Ƙarin harajin mai ne ya fito da masu rigar ɗorawa kan titunan Faransa a Nuwamban 2018 har gwamnati ta janye shi, harajin mota na shekara-shekara kuma na cikin abubuwan da suka tunzura matasan Kenya a Yunin 2024.

Illela da fadama

Wurare biyu a jihar suna da nasu lissafin. A Illela, da ke kallon Birnin Ƙonni, arhar man Najeriya ta daɗe tana ciyar da gidaje: matasa na ɗaura jarkoki a babur su bi ta daji. A Nuwamban 2019 hukumar kwastam ta hana kai mai gidajen man da ke cikin kilomita 20 daga iyaka, sai mutanen gari da ba su taɓa fasa-ƙwauri ba suka koma saye da tsada a hannun 'yan bumburutu. Cire tallafi ya rage ribar ƙetarawa ƙwarai. Gwamnati na lissafa wannan cikin nasarorinta, kuma da gaskiyarta. A garin kuwa sana'ar samari da yawa ce ta mutu ba a ba su wata ba, ga rufe iyakar da ya biyo bayan juyin mulkin Nijar na Yulin 2023, wanda sai Maris na 2024 Najeriya ta buɗe nata ɓangaren.

Manomin rani kuma ba ya hawa titi da injinsa, amma fetur yake sha. A fadamun Kwalkwalawa da Wurno da Goronyo, albasa da tattasai da shinkafa sai an ba su ruwa duk bayan 'yan kwanaki har a girbe. Manomi zai sa jarka a bayan babur ya je gari ya sayo, ya biya kuɗin man babur ɗin ma. A yankunan gabas da ke fama da 'yan bindiga, inda gwamnatin jiha ta taɓa hana sayar da mai a jarka a 2021, wahalar ninki biyu ce. Idan harajin kashi 5 na gyaran hanya ne, to wannan manomi zai biya kuɗin hanya a kan man da ya ƙone a bakin rijiya. Dokar ba ta ware shi ba.

Abin da zai iya biyowa baya

In ministan ya fitar da odar, ƙarin kuɗin mota zai fi ƙarin man. Kuɗin kabu-kabu ba ya tashi da naira goma. Daga 300 sai 350 ko 400, saboda babu canji, kuma an saba in ya hau ba ya saukowa ko da mai ya sauko. Kayan da ke zuwa daga Kudu za su ɗauki ƙarin dizal, albasar da ke barin kasuwar Ramin Kura kuma dillali zai rage wa manomi kuɗi ya cike dakonsa. A ɗaya gefen, in an bi rabon da dokar 2007 ta tsara, jiha za ta samu kuɗin da aka ɗaure wa gyaran hanya kaɗai, abin da zai ba 'yan majalisa da 'yan jarida damar tambayar takamaiman adadi da takamaiman titi.

Mafitar da gwamnatin tarayya ta fi tallatawa tun 2023 ita ce mayar da motoci su koma shan iskar gas, wadda ta fi fetur arha kuma harajin bai shafe ta ba. Sai dai bututun gas mai tsawon kilomita 614 da ake shimfiɗawa daga Ajaokuta, a Kaduna da Kano ya tsaya, bai nufo Sakkwato ba. Gas ɗin da za a sha a nan shi ma a mota za a kawo shi, kuɗin nisan ya sake dawowa ta wata ƙofa. Babbar hanyar Sakkwato zuwa Badagry, mai kilomita 1,068, da aka ƙaddamar da aikinta a 2024, za ta rage wa tankoki kwanan hanya in ta kammala, amma aiki ne na shekaru.

Abin da ya fi saurin sauya lissafi a ƙasa shi ne hasken rana, wanda Sakkwato ba ta rasa ba. Masu shaguna na ajiye janareto su kafa sola, a fadama ma an fara ganin faifan sola a gefen kwamin albasa yana jan ruwa babu ƙara babu hayaƙi. Kuɗin kafa shi a dunƙule ake biya, don haka mai gona babba ko mai ɗan'uwa a birni ne ke fara samu. Maƙwabcinsa mai kwami kaɗan yana nan yana ɗaura jarka a bayan babur duk bayan kwana uku.